Giyata ta ƙi kwanciya, kuma ina tsoron jelatin ya kwashe mini ƙamshin hof

Bitrus_Leeds:
Jama'a barkanmu da war haka. Tambayata ga masu dafa giya a gida ce, na san kuna nan ko da ba ku cika magana ba. Ina da lita 20 a bokiti, irin giyar nan ta yammacin Amurka mai hof da yawa (furen nan da ke ba giya ɗaci da ƙamshi). Tsiron sha'ir ne kusan zalla, yis ɗin US-05, sannan bayan ta gama tsima na zuba hof irin Citra da Centennial giram 120 a bushe. Ƙamshi kam ba a magana, kana ɗaga murfi ɗakin ya ɗauka. Amma in ka ɗebo a kofi sai ka rantse kunun zaki ne. Ina da jelatin a kicin (garin da ake yi da fata da ƙashin dabba, ana zuba shi don giya ta washe), sai dai mai shagon da nake sayen kaya ya ce in na zuba zai sauka da rabin ƙamshin. Hof giram 120 ba kuɗin wasa ba ne. In zuba ko in bari?

Danjuma_Seattle:
Ƙanena, kafin ka zuba komai, fara gano abin da ya gurɓata ta. Ɗebo kofi biyu. Sa ɗaya a firji ya yi sanyi ƙarara, ɗayan ka bar shi a kan tebur ya kai zafin ɗaki, wajen digiri 20. In na teburin ya washe na firjin ya yi hazo, to hazon sanyi ne, wato furotin ɗin hatsi da tanin ɗin hof (sinadarin bauri) suna haɗuwa in an yi sanyi, su rabu in an ɗumama. In duka biyun sun ƙi washewa, yis ne yake yawo, ko garin hof, ko sitaci. Kowanne da maganinsa. Jelatin ba ya taɓa sitaci ko kaɗan.

AbuHafsat:
Haba jama'a. Yanzu har koyar da haɗa barasa ake a zauren nan? Ku ji tsoron Allah.

Anti_Talatu (mai kula da zaure):
Malam AbuHafsat, mun ji ka, kuma muna girmama matsayinka. Zauren nan na sarrafa abinci ne ga duk mai jin Hausa, akwai Musulmi akwai Kirista, akwai na gida akwai na waje. Wanda maganar ba ta yi masa ba ya wuce ta, akwai ta daddawa da ta kilishi a ƙasa. Abu ɗaya nake roƙo: kowa ya san dokar inda yake zaune. Ingila ta cire lasisi ga mai dafa giyar shan gidansa tun 1963, Kano da Zamfara kuwa kowa ya san hukuncin da ke can. A ci gaba cikin mutunci.

AbuHafsat:
Na faɗi nawa, na fita.

Yohanna_Bamberg:
Bitrus, ni tambayata ita ce wa ya ce maka dole sai ta washe? Nan Franken a Jamus giyar da aka fi ji da ita a ƙauyuka ita ce Kellerbier, ba a tace ta, da hazonta ake sha. Ta alkama kuwa har girgiza gindin kwalbar ake yi a juye yis ɗin a kofi. Wannan son giya garau ya yi ƙarfi ne bayan 1842, lokacin da Josef Groll ya dafa farar giyar nan a garin Pilsen na ƙasar Cek ta yau, aka kuma fara samun kofin gilashi da arha. Kafin nan a kofin ƙasa ko na kuza ake sha, ba mai leƙawa. In ɗanɗano ya yi, ka sha abinka.

Bitrus_Leeds:
Yaya Yohanna, na yarda da kai a kan Kellerbier. Amma irin wadda na yi niyya garau ake son ta. Kuma ba ido kawai ba ne, akwai wani ƙaiƙayi da take bari a maƙogwaro, da ɗan bauri.

Danjuma_Seattle:
Yawwa, wannan ƙaiƙayin shi ne shaida. Garin hof ne bai sauka ba, da tanin ɗinsa. Yohanna, hazon yis na giyar alkama daban, wannan daban. Wannan in ya kwanta giyar har daɗi take ƙarawa, ƙamshin ya fito fili don ba abin da ke danne shi.

Gwani_Zonkwa:
Ku da kuke Turai kun cika wahalar da kanku. Mu nan ƙwarya ce, ba a ganin gindinta balle a yi ƙorafi.

Malam_Sani_Tsiro:
Ni ba na sha, amma shekaruna na aiki duk a kan tsiron dawa da abin sha na malt na yi su, kuma matsalar hazo ɗaya ce ko akwai barasa ko babu. Bari in ɗan warware maganar mai shagon Bitrus, don akwai gaskiya a cikinta, sai dai bai faɗe ta duka ba.

Ƙamshin hof mai ne. Wasu daga cikin mayukan, irin su linalul da jeraniyol, suna ɗan narkewa a ruwa. Wasu kuwa, musamman mirsin, ba sa son ruwa sam, sai su manne a jikin duk abin da ke yawo a ciki, mafi yawa jikin ƙwayoyin yis. Sinadarin ɗacin ma yana mannewa a yis. Shi jelatin cajinsa kishiyar na yis ne, sai ya kama ƙwayoyin ya dunƙule su, su yi nauyi su sauka. To duk man da ke manne a jikinsu tare za su sauka. Ka ga ba jelatin ne ke shan ƙamshi ba, yis ne ke tafiya da kayansa. Ko ba ka zuba komai ba, ranar da yis ɗin ya sauka da kansa a kwalba zai tafi da wannan kason.

Saboda haka tsari ne ya fi muhimmanci. A fara saukar da yis, sannan a zuba hof ɗin ƙamshi a giyar da ta riga ta washe. Man ba shi da jikin da zai manne, sai ya zauna a ruwan.

Danjuma_Seattle:
Malam ya gama magana. Haka manyan masu irin wannan giyar a Kalifoniya suke yi, Vinnie Cilurzo na kamfanin giya na Russian River ya daɗe yana cewa a cire yis kafin a zuba busasshen hof. Ni yadda nake yi: in ta gama tsima, in saukar da sanyi zuwa wajen digiri 14 na kwana ɗaya ko biyu, yawancin yis ya kwanta, in zuba hof, in bar shi kwana biyu zuwa uku, sannan in kai ta kusa da sifili.

Rifkatu_Brews:
Kwana biyu kawai? Ni littafin da na fara koyo da shi mako guda ya ce, wasu ma har kwana 14.

Danjuma_Seattle:
Tsohon yayi ne, 'yar'uwa. Binciken da aka yi a Jami'ar Jihar Oregon ya nuna hof ɗin da aka niƙa aka dunƙule yana sakin yawancin mansa cikin kwana ɗaya. Abin da yake ci gaba da saki bayan nan tanin ne da ɗanɗanon ɗanyen ganye, wato ainihin abin da ke kawo hazo da bauri. Su ɗin ne kuma suka nuna cewa in ka wuce wajen giram 8 a kowace lita, ƙamshin lemo ba ya ƙaruwa yadda kake zato, sai warin ciyawa ya fara hawa. Na Bitrus giram 6 ne a lita, yana cikin iyaka.

Mama_Saratu_Kafanchan:
Ɗana Bitrus, ni ban san wannan furen naku ba, amma na tashi a gidan da ake dafa burkutu da fito, kuma kwantar da ruwa ba sabon abu ba ne a wurinmu. In an niƙa tsiro an dama da ruwa, sai a daka karan kuɓewa a jiƙa, a zuba ruwan yauƙin a ciki. Kafin ka je ka dawo garin ya sauka, ruwa ya tsaya a sama. A kwashe ruwan saman a ajiye gefe, a dafa na ƙasan har ya yi kauri, sannan a mayar da wancan ruwan a kai. Tsofaffi ba su taɓa dafa ruwan saman tare da gari ba, in yarinya ta yi haka ranar sai ta sha faɗa.

Malam_Sani_Tsiro:
Mama, Allah ya ƙara lafiya. Abin da kika faɗa ɗin nan shi ne abin da manyan kamfanoni suka sha wuya kafin su gane. Sitacin sha'ir yana narkewa a wajen digiri 60, daidai inda enzayim ɗinsa ke aiki. Na dawa sai an kai wajen 70 ko sama, kuma a wannan zafin enzayim ɗin da ke mai da sitaci sukari ya mutu. Ruwan saman da tsofaffi ke kwashewa shi ke ɗauke da enzayim. Suna tsirar da shi daga wuta, su dafa sitacin shi kaɗai, su mayar da shi bayan ya huce. Da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, kamfanonin giya da na malt suka koma kan dawa da masara, wannan matsalar ce ta fara tarar su: sitacin da bai juye ba, matata na toshewa, abin sha na hazo.

Bitrus, shi ya sa nake so ka gwada aidin. Ɗiga giyar a farin faranti, ɗiga aidin ɗigo ɗaya. In ta koma shuɗi mai duhu ko baƙi, sitaci ne, kuma ba abin da zai kwantar da shi yadda kake so. Ka zubar da abin gwajin, kar ya koma bokiti.

Kojo_Wa:
Gaskiyar Mama. Nan Wa da Nandom a Ghana matan Dagaaba masu fito haka suke yi da karan kuɓewa. Ƙetaren iyaka a Burkina masu giyar dolo wasu ɓawon itace suke sawa, dangin dargaza.

Bouba_Garoua:
Giyar bilbil ma a nan Kamaru kusan hanya ɗaya ce.

Gwani_Zonkwa:
To shi kenan an gama. Bitrus je kasuwar Indiyawa ka sayo kuɓewa ka zuba.

Mama_Saratu_Kafanchan:
A'a, kar ka sa yaro ya ɓata abinsa. Kafin wuta ake sa yauƙin, ba bayan ta nuna ba. Duk abin da ya shiga da shi wuta za ta kashe.

Rifkatu_Brews:
Daidai wurin da mu ma muke sa gansakukar teku ke nan, wadda ake kira ta Ailan, ko ƙwayar Whirlfloc da aka yi da sinadarinta. Minti 10 zuwa 15 kafin a sauke tukunya. Tana kama furotin tun yana tafasa, ya dunƙule ya sauka, kuma tunda hof ɗin ƙamshi bai shiga ba tukuna, ba abin da za ta ɗauke maka. Rabin ƙwaya ya isa lita 20. In ka cika ta sai ka samu tulin laka mai laushi da ba ta danƙarewa, ka yi asarar lita biyu a gindin bokiti. Bitrus, ka sa?

Bitrus_Leeds:
Na sa rabi, Anti Rifkatu. Na kuma yi gwajin da Yaya Danjuma da Malam suka ce. Aidin bai canja launi ba. Kofin teburin ya ɗan washe amma bai yi garau ba, na firjin ya fi shi hazo sosai. Ke nan biyu ne suka haɗu mini, ko?

Danjuma_Seattle:
Biyu ne. Yis da garin hof, ga kuma hazon sanyi a kai. US-05 dama ba ya saurin kwanciya, yis ɗin S-04 na Ingila ya fi shi nesa a wannan fannin.

Hauwa_Kimiyya:
Ina ta karantawa ina jiran wani ya ambaci babban ɓarawon, ba wanda ya yi. Iska. Kuna ta tuhumar jelatin, alhali yawancin mutanen da ke kukan jelatin ya kashe musu ƙamshi, buɗe murfin da suka yi don su zuba shi ne ya kashe. Oksijin kaɗan ya isa ya mai da ƙamshin mangwaro da lemo ya koma na tsohon kwali, launin ma ya dushe ya koma ruwan ƙasa cikin 'yan makonni.

Na biyu kuma, sanyayawar kanta. In ka sa bokiti a firji daga digiri 20 zuwa 2, iskar da ke sama da giyar tana tsukewa, giyar mai sanyi kuma tana ƙara shanye gas ɗin da ke wurin. Sai bokitin ya zuƙo iskar waje ta 'yar mafitar nan ta kan murfi, wani lokaci har da ruwan da ke cikinta. Mutum yana barci firji na shayar da giyarsa oksijin. Masu tulun ƙarfe ba su da wannan damuwar, suna sa gas ya danne. Mai bokiti kuwa, dabarar da aka saba ita ce a ɗaura balan-balan irin mai ƙyalli a bakin tiyo tun ana tsima, ya cika da gas ɗin da giyar ke fitarwa, in an zo sanyayawa shi za ta zuƙa.

Bitrus_Leeds:
Anti Hauwa, tawa ta riga ta gama tsima, ba gas ɗin da zan tara.

Hauwa_Kimiyya:
To ka toshe mafitar gaba ɗaya in bokitin mai kauri ne, ka sauke sanyin a hankali. Ko ka tsallake sanyaya bokiti, ka ɗura a kwalba yanzu, ka cika kusa da baki, ka bar yis ya cinye ɗan oksijin da ya shiga yayin da yake yin gas. Bayan mako biyu sai ka jera kwalaben a tsaye a firji. Kwalba rufaffiya ba ta zuƙar komai. Mako ɗaya zuwa biyu a sanyi za ka ga bambanci, sai dai ka iya zubawa, ka bar ɗan na gindi.

Yohanna_Bamberg:
Wannan ita ce hanyar da na yarda da ita. Sanyi da haƙuri. Jamusawa da Cek makonni suke barin giya kusa da sifili, ba ƙashin alade ba jakar kifi.

Danjuma_Seattle:
Yohanna, haƙuri na giyar Pilsen ne. Wannan irin kowane mako da ya wuce ƙamshinta raguwa yake. In ka jira wata biyu don ta washe da kanta, ka samu giya garau wadda ba ta ƙamshin komai. Amfanin jelatin ke nan, aikin mako huɗu yake yi a kwana biyu. Kuma kar ka manta manyan kamfanonin Jamus ɗinku suna tacewa da silika da garin PVPP mai kama tanin, dokarsu ta yarda tunda ana cire su daga baya.

Yohanna_Bamberg:
Manyan kamfanoni na ce maka nake sha?

Ishaku_Jos:
Ku yi haƙuri in shigo da tamu matsalar. Duk shawarwarin nan na masu wuta ne. Firji ya riƙe digiri 2 na kwana uku a jere, a ina? In na kunna janareta don giya, madam za ta kore ni da ni da bokitin. Ni lokacin hunturu nake dafawa, Disamba da Janairu, sanyin Jos ya taimaka wajen tsima. Amma kwantarwa sai dai in bar ta a ɗaki mafi sanyi in jira.

Rifkatu_Brews:
Yaya Ishaku, nemi kveik, yis ɗin manoman Norwe. Yana tsima lafiya lau daga digiri 30 har 40 ba tare da warin da sauran yis ke yi a zafi ba, yana gamawa cikin 'yan kwanaki, kuma yana kwanciya da kyau ko ba firji. Akwai busasshensa a fakiti, Voss, yana jure tafiya. Shi Voss yana da ɗan ƙamshin lemo na kansa, wanda ke tafiya da Citra.

Hauwa_Kimiyya:
Kuma in ba ka sanyaya giyarka sosai lokacin sha, hazon sanyi ba matsalarka ba ce, ba zai ma fito ba. Yis kawai za ka yi fama da shi.

Ishaku_Jos:
Na taɓa tunanin randa cikin randa da jiƙaƙƙen yashi, yadda ake ajiye tumatir.

Malam_Sani_Tsiro:
Za ta rage maka zafi lokacin da iska ta bushe, ta taimaki tsima. Amma ba za ta kai ka kusa da sanyin da jelatin ke so ba. Jelatin yana aiki sosai ne in abin ya yi sanyi, don sai hazon ya fito fili sannan zai samu abin kamawa.

Gwani_Zonkwa:
Alif fa? Ko garin 'ya'yan zogale? Ruwan rafi ma suna kwantar da shi.

Hauwa_Kimiyya:
Kar ka soma. Alif yana son ruwan da ba shi da tsami, giya kuwa tana wajen 4 da ɗoriya a ma'aunin tsami, ba zai dunƙule yadda ya kamata ba, sai ya bar maka bauri da alminiyam a kofi. Zogale gaskiya ne yana kwantar da ruwa, matan Sudan sun daɗe suna yi da ruwan Nilu. Amma abin da ke aikin furotin ne, ga mai a cikin ƙwayar, ga shi ɗanye ba a dafa ba. Mai yana kashe kumfa, ɗanyen gari kuma yana shigo da ƙwayoyin da za su tsamar da giyar.

Ladi_Manchester:
Ni abin da Yohanna ya ambata ne ya tsaya mini. Jelatin ɗin kanti yawanci na alade ne ko na shanu, ko? Ƙanwar mijina ba ta cin nama ko kaɗan, in na ba ta sai na faɗa mata.

Rifkatu_Brews:
Haka ne, duba fakitin za ki gani. Na Ingila na gargajiya kuma daga jakar iskar cikin kifi ake yin sa, shi suke sa wa giyar ganga a mashaya. Yana kama yis sosai, amma yana lalacewa in ya wuce digiri 20, shi ya sa bai dace da ƙasar zafi ba. Guinness ta sanar a 2015 cewa za ta daina amfani da shi saboda masu ƙin cin dabba. In kina son wanda ba dabba a ciki, akwai ruwan silika irin su Biofine Clear. Akwai kuma enzayim ɗin Clarity Ferm, wanda ake zubawa tare da yis tun farko. Shi yana yanka furotin ɗin da ke haɗa hazon sanyi ne kawai, ba ya saukar da komai, don haka ba ruwansa da ƙamshi. Bitrus kam ya makara a kansa wannan karon.

Bouba_Garoua:
Jakar cikin giwan ruwa ke nan da ake busarwa ana sayarwa da tsada?

Rifkatu_Brews:
Irinta ce. Ta giwan ruwan tafkin Biktoriya yawancinta Sin ake kaiwa don miya.

Malam_Sani_Tsiro:
PVPP da Danjuma ya ambata, shi tanin yake kamawa kai tsaye. Yana maganin hazon sanyi da bauri, amma a giyar da hof ne jigonta ni da zan yi taka-tsantsan da shi, don wani kaso na cikar bakin daga wannan tanin ɗin yake. Matata mai ƙananan ramuka ita ce ta fi kowa ɓarna. Ita kam tana cire ƙamshi da ɗaci da kumfa, ga iskar da ke shiga wajen turawa.

Ishaku_Jos:
Tunda ana maganar tsadar hof, me ya hana a noma shi a Filato? Dankalin Turawa da tufa da sitiroberi duk suna yi.

Yohanna_Bamberg:
Ba sanyi kawai yake so ba, tsawon rana yake so. Sai inda ranar bazara ke kai awa 15 ko fiye, shi ya sa gonakinsa suke Hallertau a nan Bavariya, da kwarin Yakima kusa da su Danjuma, da Žatec a ƙasar Cek. A Afirka sai garin George na Afirka ta Kudu, can ƙarshen nahiya. Jos rana ba ta nisa da awa 12 duk shekara, zai yi fure tun bai yi tsawo ba.

Malam_Sani_Tsiro:
An yi bincike da dama a jami'o'in Najeriya a kan maye gurbinsa da shuwaka da namijin goro. Ɗaci kam suna bayarwa. Habasha ma da ganyen gesho suke sa wa giyarsu ta tella ɗaci tun da can. Amma ƙamshin da Bitrus ke tsoron rasawa, babu shi a cikinsu.

Bitrus_Leeds:
Na gode ƙwarai, iyayena da yayyena. Mu dawo kan bokitina, don yana nan yana jira. In na ce zan zuba jelatin ɗin, yaya ake yi?

Danjuma_Seattle:
Fara sanyaya giyar zuwa digiri 1 zuwa 3, ta kwana. Rabin ƙaramin cokali na jelatin marar ɗanɗano, a ruwan da aka tafasa ya huce, kwatan kofi. Bar shi ya jiƙa minti 15, sannan ka ɗumama a hankali zuwa wajen digiri 65 har ya narke tas. Kar ya tafasa. Tafasa ruwan tun farko yana korar oksijin ɗin da ke cikinsa. Kar ka ɗaga murfi, ja shi a sirinji ka tura ta ramin mafitar iska, ka mayar ka toshe. Kwana biyu, ka ɗura. Yis ɗin da ya rage a ciki ya isa ya yi maka gas a kwalba, sai dai ya ɗan ƙara kwanaki.

Hauwa_Kimiyya:
Sirinjin ya rage matsalar, bai kawar da ita ba. Har yanzu bokiti ne a firji yana zuƙa. Ni ina nan a kan bakana, ya ɗura yanzu ya sanyaya a kwalba.

Danjuma_Seattle:
In ya ɗura yanzu da wannan garin hof ɗin, kowace kwalba sai ta tara laka rabin yatsa, kuma garin yana sa giya ta yi ambaliya in an buɗe.

Hauwa_Kimiyya:
Ya ɗaura ƙyallen tata da aka dafa a bakin tiyon da ke cikin bokiti.

Rifkatu_Brews:
Kafin ku ɗura masa ko ku sanyaya masa, Bitrus ka auna nauyin sukari yau, ka sake aunawa bayan kwana uku. Busasshen hof yana da nasa enzayim da ke farfasa ragowar sukarin da yis ya kasa ci, sai tsima ta sake tashi a ɓoye. Tun 1893 Brown da Morris suka rubuta wannan a Ingila, aka manta, sai da aka koma zuba hof da yawa ya dawo. In lambar na sauka, ba ta gama ba. Ka sanyaya ta a haka, yis ya kwanta bai gama ba, ya farka a kwalba, ga warin man shanu ga kwalba na fashewa.

Mama_Saratu_Kafanchan:
Mu dai tamu ba a rufe ta, ranar da ta nuna ranar ake shanye ta.

Yohanna_Bamberg:
Kuma kwalba mai ruwan ƙasa, Bitrus. In ta washe ka ji sha'awar zuba ta a farar kwalba don a gani, haske zai taɓa sinadarin ɗacin hof ya juya shi wari cikin mintuna a rana.

Bitrus_Leeds:
Ga abin da zan yi. Zan auna yadda Anti Rifkatu ta ce. In lamba ta tsaya, zan ɗura rabi kai tsaye ta hanyar Anti Hauwa, ragowar in sanyaya in sa jelatin ta hanyar Yaya Danjuma. Na gaba kuma zan bi tsarin Malam, yis ya sauka kafin hof ya shiga.

Hauwa_Kimiyya:
In ka ɗebe rabi, rabin bokitin ya zama iska ke nan, ka cuci ɓangaren Danjuma tun ba a fara ba. Juye nasa a ƙaramin galan mai lita 10 da zai cika har wuya, da tiyo a ƙasa, ba tare da fantsama ba.

Danjuma_Seattle:
Ka ga adalci. Na gode, Hauwa. Kuma in za a ɗanɗana, kofi uku za a zuba, biyu iri ɗaya, ɗaya daban, mai ɗanɗanawa ya fitar da bare. Wani ne zai zuba, ba kai ba.

Malam_Sani_Tsiro:
A kofin da ba a ganin ciki. In ido ya ga wadda ta washe, hanci zai bi shi.

Gwani_Zonkwa:
Ladi, ke ce kusa da Leeds, a ba ki aikin alƙalanci.

Ladi_Manchester:
In zai biya kuɗin jirgin ƙasa.